Keken da Ba Ya Barin Ɗaki

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas a Tampere,
daga Hervanta zuwa tsakiyar gari, in juyo.
Na san kowane rami, kowace kwana.
Yau ga ni a kan keken da ba ya barin ɗaki,
ina zuba gudu, taga tana nan inda na bar ta.

Na Tuulikki ne. Ta saye shi da kyakkyawar niyya,
ta hau sau tara, ya koma maratayin kaya.
Bayan rasuwarta rigar sanyinta ta shekara biyu a ƙahonsa.
Sai da Likita Haapanen ta buɗe mini ƙirji ta ɗinke,
ta ce, "Reijo, minti talatin, sau biyar a mako,"
sannan na sauke rigar.
Na ninke. Ban wanke ba.

Ƙarfe huɗu bai yi ba duhu ya shigo,
ƙanƙara ta rufe tafkin Näsijärvi ruf.
Ina murzawa, allo yana yi mini kirari:
kalori ɗari biyu da sittin!
Na ce madalla, na ci bashin burodin kirfa, na biya.

Sai ga Henni, jikata, da dusar ƙanƙara a gira.
"Kaka, wa ya gaya wa injin nan nauyinka?"
Babu.
"Shekarunka fa?"
Babu.
"To lissafin wa yake yi?"

Ta danna, ta danna, ta fashe da dariya.
Nauyi: kilo sittin da takwas.
Shekaru: arba'in da tara.
Tuulikki! Har inji kika yi wa ƙwange,
goma sha biyu cif kika ɓoye.

Henni ta jawo bayan ambulan ɗin kuɗin wuta.
"Rabu da kirarin, daɗin baki ne.
Dubi ƙaramar lambar nan: wat tamanin.
Sau daƙiƙa dubu da ɗari takwas,
a yanke sifili uku.
Jiki kan ƙona huɗu kafin feda ta samu ɗaya,
kalori kuwa ya kusa kilojul huɗu,
huɗu ta cinye huɗu.
Ɗari da arba'in da huɗu, ko kusa da haka."

Rabin burodi ke nan.
Ɗaya rabin na ci a kan zalunci.

Na ce to a tambayi zuciya.
Ɗari biyu da ashirin, a ɗebe sittin da takwas...
Ta girgiza kai: farar ƙwayar da nake sha da safe
ta sa wa bugun linzami,
ko na hau dutse ba zai yi sukuwa ba.

Saura numfashi. Shi ba ya karɓar cin hanci.
In kana iya rera waƙa, wasa kake yi.
In magana na fita, waƙa ta gagara, nan ne wurin.
In kalma ɗaya ta tsaya maka a wuya,
sassauta, tsoho, ba a binka bashi.

Ta tafi ta kama taragonta.
Gidan ya yi tsit, sai ƙugin sarƙa.
Da wa zan yi maganar gwaji?

Sai na ji bakina yana kiran tashoshi.
Hervanta. Hallila, a yi hankali da santsi.
Turtola, Hajiya... a'a, tsohuwar nan mai kare, ki zauna tukuna.
Kaleva, inda wata mai jar hula
ta shigo babu canji a shekarar tamanin da biyu,
na ce wuce, ta wuce har cikin gidana.
Tammela na fito da ƙyar.
Na rage nauyin feda da ɗaya.

Gumi ya ɗiga a kan allon.
Ya ce in gyara nauyi, in gyara shekaru.
Na duba arba'in da taran nan,
na goge gumin da babban yatsa,
na bar ta yadda take.